Ruwan da Na Hana Janyewa

Ni na yi ɓarnar, ba Baba Illo ba. Da wannan na fara, domin duk wanda ya zauna a unguwar Manfuha ta Riyad shekarun nan ya ji labarin a juye, kuma daga bakina ya fito a juyen. Sunana Habu, mutumin Magarya ne a ƙasar Damagaram, karatuna bai wuce allo da firamare ba. Aikina a Riyad kula da tankunan kifin teku a gidajen masu hali. Ku samarin da kuke zuwa ɗakinmu ranar Juma'a kuna cewa in nema muku irin aikina, wai goge gilashi ne da watsa wa kifi abinci a cikin sanyin esi, ku nake rubuta wa wannan. Ku karanta tukuna, sannan mu yi maganar aiki.

Aikin farko da aka ba ni shi ne dama gishiri. Riyad ba ta da teku, don haka duk ɗigon ruwan gishirin da kuka gani a tankin wani, hannun mutum ne ya haɗa shi. Ana tace ruwan famfo har ya zama ba komai a cikinsa, a tara a duro, a zuba gishirin da ake kawowa a bokitai, a bar ƙaramin famfo yana juya shi har gobe. Sai a ɗauki madubin gishiri, wani ɗan bututu ne kamar tocila, a ɗiga masa ruwan, a ɗaga shi wajen haske a duba inda layi ya tsaya. A makona na farko na ga ruwan wani tanki ya ragu, na ɗebo ruwan gishiri zan ƙara. Baba Illo ya riƙe mini hannu.

"Ɗan mai rijiya, miya in ta ƙafe a kan wuta, ruwa ake ƙara mata ko gishiri?"

Na ce ruwa.

"To ina za ka da wannan? Ruwan ne ya tashi sama, gishirin yana nan bai je ko'ina ba."

Ɗan mai rijiya yake ce mini saboda haƙar rijiya ce sana'ar gidanmu. Shi mutumin Tasawa ne, ta wajen Maraɗi. Ya girme ni nesa, ya shigo ƙasar nan tun ina yaro, kuma kafin ya zo Riyad ya daɗe a Jizan, can kudu a bakin teku, yana aiki da masunta. Shi ya kai ni wurin mudir, wato manajan kamfanin, ya tsaya mini har aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Duk abin da hannuna ya iya, daga hannunsa na ɗauka.

Kayan aikinmu ba su da yawa, jaka ɗaya take ɗauke su. Akwai mesa ta zuƙe datti daga cikin yashi, da reza ta kankare gilashi, da maganaɗisu mai soso, da tsohon buroshin haƙori, da ma'aunin zafi, da tawul wanda sabulu bai taɓa taɓawa ba. Dokar Baba Illo ta fi kayan nauyi. Ba a sa hannu a tanki da turare, ko mai, ko sabulu. Ranar da muka yi sallar Juma'a muka shafa almiski, ranar ba mu taɓa ruwan kowa. Bokitin da ya taɓa ganin omo ya tashi daga aiki ke nan har abada.

Akwai wani gida da aka kira mu da sassafe, kifi duk sun taso sama suna haki. Muka auna gishiri, daidai. Muka auna zafi, daidai. Baba Illo ya tsaya yana shaƙar iskar ɗakin, sai ya tambayi mai aikin gidan inda aka ajiye kaskon turaren bahur jiya da baƙi suka zo. A gindin tankin aka ajiye, daidai inda famfo yake zuƙar iska. A wani gidan yara sun juye wa kifi shinkafar kabsa don tausayi. A wani kuma maigida ya yi tafiya ya kashe wutar gidan gaba ɗaya a tsakiyar zafin Riyad, har da injin sanyaya ruwa. Kowanne cikinsu in ya kira cewa yake yi, "Me kuka yi wa kifina?" Ka koyi cewa "Abshir" kana kwashe gawa, wato an gama, ranka ya daɗe.

Amma tankin da nake son ba ku labari daban yake da duk waɗannan. A wani gida yake kusa da Dir'iyya, a majalisar maza, wato falon baƙi, mai ƙofarta ta waje. Mai gidan, Abu Nasir, ya sa aka gina shi saboda mahaifinsa, wani tsoho da muke kira Ammi Yahya. A ƙauyen bakin teku aka haifi tsohon, ta wajen Jizan. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keke, likita ya hana shi doguwar tafiya. Bai nemi kifi masu launi ba. Cewa ya yi yana son ya ga duwatsun gaɓa irin na garinsu, ruwa yana hawa kansu yana sauka.

Saboda wannan aikin na fara ganin teku da idona. Kamfani ya samo izini, muka bi mota har Jizan ɗauko duwatsu. Da muka isa gaɓa ruwa ya janye, duwatsu suna tsaye baƙi ƙirin cikin rana, ana jin ƙarni. Na ce, "Baba, ai nan ba komai, duk sun bushe."

Ya ce, "Durƙusa."

Na durƙusa, sai na ga dutsen duk rai ne. Hausa ba ta da sunan waɗannan halittu, don haka Baba Illo ya raɗa musu nasa. Can sama, inda feshin ruwa kaɗai yake kaiwa, akwai 'yan dodon koɗi ƙanana kamar ƙwayar wake, sun cusa kansu a tsaga, kowanne ya toshe bakinsa. Ƙasa da su akwai haƙoran dutse, farare, manne a jere, kowanne ya rufe ƙofarsa da ɗigon ruwa a ciki yana jiran dawowar teku. Sai mai malafa, wata katantanwa mai bawo ɗaya kamar malafar makiyayi. Na sa farce zan ɗaga ɗaya, ta ƙanƙame dutsen kamar an kafa ta da ƙusa.

"Bar ta. Wurin nan nata ne. Ita ta goge dutsen da bakin bawonta har ya yi daidai da ita. In ruwa ya zo takan fita kiwon gansakuka, kafin ya janye ta dawo ta zauna daidai inda ta tashi. In ka matsar da ita, iska ta shiga ta ƙarƙashi, ta bushe."

A ramukan da ruwa ya rage akwai furen ruwa, wanda in ya ji rana sai ya naɗe kansa ya koma kamar curin majina. Can ƙasa kuma, inda ruwa ba ya barin dutse sai kaɗan, nan mafarauta suke: ƙaguwa, da tauraruwar ruwa, da wata katantanwa da ya sa wa suna mai huji, don bawon 'yan uwanta take hudawa ta tsotse su.

Na ce, "To me ya hana na saman nan su sauko inda ruwa yake su huta da wannan azabar?"

"Ka ga wa yake jiran su a ƙasa? Rana ce katangarsu. Mai huji ba ta jure bushewa, in ta hau, ruwa ya janye, dole ta koma. Su na sama sun zaɓi ƙishi a kan a cinye su."

Na ji maganar da kunne, amma ba ta shiga ba. A garinmu fa na taso, inda ake tafiyar yini don guga ɗaya, inda in ka hana akuya ruwa sai an yi da kai a masallaci. Ganin mai rai a kan busasshen dutse ga ruwa a kusa, bai taɓa kwanta mini ba.

Baba Illo ya jera duwatsun a tankin kamar yadda ya same su, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. A bayan bango akwai wani babban duro, da famfo, da agogo mai sarrafa famfon. Sau biyu a yini ruwa yakan sauka a hankali ya koma duro, sannan ya dawo. Ammi Yahya yakan sa a turo shi gaban gilashi bayan la'asar, da gahawa da dabino a gefensa. In muka shigo sai ya ɗaga hannun da yake motsi.

"Ya Illo, bahar ya tafi ko yana nan?"

"Ya tafi kasuwa, ya Ammi, yanzu zai dawo."

"Ya sayo mini ƙafafu."

Su yi ta dariya. Wani lokaci tsohon yakan nuna wata mai malafa da sanda ya ce tun safe yake kallon ta, ta je can ta dawo nan, ta fi 'ya'yansa sanin hanyar gida. Ni ina gefe ina goge gilashi, idona yana kan duwatsun da suka bushe.

Shekarar korona ce mummunar shekararmu. Dab da a rufe hanyoyi Baba Illo ya tafi hutu Tasawa aurar da 'yarsa. Kafin ya tafi ya cire tsohon agogon famfon, don ya fara makalewa, ya sa sabo, ya saita shi da hannunsa. Bai daɗe da sauka ba aka dakatar da jirage, ya makale a can. Nan kuma aka sa dokar hana fita. Gidaje da yawa suka ce kada kowa ya shigo musu. Da takardar izini nake fita, kuma ba kullum ba. Gidan Abu Nasir aka maida tsohon can ciki don tsoron cutar, aka rufe majalisa, mai gadi ne kawai yake buɗe mini in shiga in fito.

Muka yi waya da Baba Illo. Ya ce, "Ƙara ruwa mai daɗi, ka duba sanyi, ka kwashe abin da ya mutu. Agogo kuwa kada ka taɓa shi."

Na ce to.

Zuwana na gaba na tarar ruwa ya janye. Ɗakin shiru, esi yana busa busasshiyar iska a kan duwatsun. Na tsaya ina lissafi irin na ɗan mai rijiya. Na ce yanzu in famfon nan ya tsaya ruwa yana ƙasa, ni kuma ban san ranar da zan sake samun fita ba, ai duk sun hallaka. In kuwa ya tsaya ruwa yana sama, kowa yana cikin ruwa, ina laifi? Ba mai kallo ballantana a ce tsoho zai rasa abin nishaɗi. Na zagaya bayan bango na danna agogon na tsayar da shi a kan cika. Ruwa ya hau ya rufe komai. Haƙoran dutse suka buɗe suna kaɗa 'yan gashinsu, furen ruwa ya baje. Na ce a raina, yau kun huta. Ban tsaya nan ba. Shekarar ce ta wanke komai, har ledar burodi ana wankewa, sai na ɗauki buroshi na goge koren gansakukan da yake kan duwatsun sama tas, wanda shi ne abincin masu malafa. Na fita ina ganin na yi aikin lada.

Ɓarnar ba ta nuna kanta da wuri ba. Da na dawo na ga mai huji a saman dutse, inda ban taɓa ganin ta ba, na ɗauke ta na maida ta ƙasa, na wuce. Zuwa na gaba haƙoran dutse da yawa sun zama ramuka, ba kowa a ciki. Tauraruwar ruwa ta hau ta kwanta a kan masu malafa. Waɗanda suka tsira sun bar wurarensu suna yawon neman abin ci a dutsen da na kankare, ƙaguwa tana kifar da su ɗaya bayan ɗaya. A nan ya kamata in saki agogon in kira Baba Illo. Ban yi ba, don kiran yana nufin in ce na taɓa abin da ya hana. Na ce bari in ga zuwa na gaba.

Zuwa na gaban, tun daga ƙofa wari ya tare ni. 'Yan dodon koɗin nan na sama, waɗanda ba sa son zama a ruwa, sun bi gilashi sun haura neman busasshen wuri, sun zubo ƙasa. Ina takawa ina jin suna fashewa a kan tayil. Abin da ya mutu a ciki ya ruɓe ya ɓata ruwan, ruwan ya kashe sauran, har mafarautan. Tankin ya yi fari kamar ƙasarin gero.

Mai gadi ya kira Abu Nasir, shi kuma ya kira mudir. Lokacin kamfani yana rage ma'aikata, kowa ya sani, kuma an riga an ce cikin mu biyu ɗaya za a riƙe. Mudir ya zo da takunkumi a fuska, ya zagaya bayan bango, ya ga agogo a tsaye a kan cika.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Haka na same shi, ya mudir. Illo ne ya sa sabon agogo kafin ya tafi, ya ce kada in taɓa, ban taɓa ba."

"Ba ka ga ruwa ba ya sauka ba?"

"Ba na daɗewa. In na zo na gan shi cike sai in ɗauka lokacin cikarsa ne."

A gabana ya kira Baba Illo a waya, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji. Layin yana yankewa. Na ji Baba yana cewa ya saita shi daidai, yana ganin ya saita shi daidai, sannan ya ce, "Habu yana nan? Habu, a kan cika ka same shi?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Iƙamar Baba Illo ta ƙare yana waje, kafil, wato ubangidan da muke aiki da sunansa, bai sabunta ba. Ni aka riƙe, aka ba ni gidajensa. Da aka buɗe gari Abu Nasir ya sa aka fasa tankin aka fitar da duwatsun. Mai gadi ya gaya mini sau ɗaya aka turo tsohon majalisar, ya kalli bangon, ya ce a maida shi ciki. Bai kai ƙarshen shekarar da ta biyo baya ba ya rasu. A Manfuha kuwa magana ta bazu cewa tsufa ya kama Baba Illo har ya kashe tankin Balarabe. Ana faɗa a gabana wurin shan shayi, ni kuma in ce, "Ai kowa da ranarsa." Wani ɗan Maraɗi da ya buɗe shagon kifi a unguwar Dira ya so ya nemo masa biza, ya zo ya tambaye ni ko hannun tsohon yana nan. Na ce gara ya nemi yaro. Wannan ma ni na yi, kuma lokacin ba mai korata.

Shekaru na yi ina aiki da jakarsa, domin bai dawo ya ɗauka ba. Bara na je wurin mudir na faɗa masa gaskiya. Ya ɗago daga waya ya ce, "Halas, ya Habu, wannan ya wuce. Gobe kana da gida uku." Na je wurin Abu Nasir, ya saurare ni a tsaye a bakin ƙofa, ya ce in nemi gafarar Allah, ya rufe. Saura mutum ɗaya.

Da na samu hutu ban fara zuwa Magarya ba, Tasawa na sauka. Aka nuna mini gidan. Ginin da ya fara da kuɗin Riyad yana nan iyakar taga, ba rufi, awaki suna kwana a ciki. Na same shi da hantsi a rumfar ɗansa Laminu, mai cajin waya a bakin tasha, yana zaune a tabarma yana miƙa wa mutane wayoyinsu. Ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Na yi sallama, ya gane muryar kafin fuskar.

"Ɗan mai rijiya! Kai ne? Laminu, kawo ruwa, ga Habu na Riyad."

Muka gaisa, ya tambayi mutanen ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Ammi Yahya, na gaya masa, ya yi salati. Ina neman inda zan fara, sai ya riga ni.

"Habu, dama ina son in gan ka kafin in mutu. Na bar maka ɓarna ka kwashe kai kaɗai a cikin annoba. Har yau in na zauna sai in ga hannuna a kan agogon nan, ina ganin na juya shi daidai, ashe ban juya ba. Tun daga lokacin ban yarda da kaina ba. An kira ni kula da tafkin tarwaɗa a Maraɗi, na ce a'a, kada in kashe wa mutane dukiya. Ko wayoyin nan sai Laminu ya duba bayana. Ka yafe mini."

Laminu ya ajiye kofin ruwa zai koma ciki. Na ce ya tsaya. Akwai mutum biyu a kan benci suna jiran caji, na ce su ma su matso, domin a gaban mutane na ɓata shi. Na sauka daga bencin na durƙusa a bakin tabarmarsa.

Na ce, "Baba, daidai ka saita agogon. Yana aiki na same shi, ruwa yana hawa yana sauka. Ni na tsayar da shi da hannuna bayan ka hana ni, ni na kankare duwatsun, na ga suna mutuwa na ƙi kiran ka. Mudir ya tambaya na ce kai ne. Ka tambaye ni da bakinka na ce e. Aka so a maido ka Dira na hana. Hankalinka lafiya lau yake, hannunka bai taɓa kuskure a tankin nan ba. Na ci amanarka, na ci abincinka, na bar ka kana zargin kanka shekara da shekaru. Ban zo da hujja ba, Baba. Don Allah ka yafe mini."